Zane a Bangon Gidan Abinci: Nazari a Kan Rayuwar Gustav Zumsteg

A birnin Zurik na ƙasar Suwis, kusa da dandalin Bellevue inda kogin Limmat ke fita daga tafki, akwai wani gidan abinci mai suna Kronenhalle. Wanda ya zauna a cikinsa ya ɗaga kai daga kan faranti zai yi ido huɗu da zanen Chagall, ko na Miró, ko na Braque, ko na Picasso, ko na Matisse, ko na Bonnard, kuma dukkansu na ainihi ne, waɗanda hannun masu su ya taɓa. A sauran biranen Turai sai mutum ya sayi tikiti ya bi layi a gidan adana kayan fasaha kafin ya ga irinsu. A nan kuwa suna rataye a saman kawunan masu cin nama da dankali, tsakanin ƙarar cokula da kai da kawon masu hidima.

Mutumin da ya rataye su shi ne Gustav Zumsteg, wanda aka haifa a Zurik a shekarar 1915, ya kuma rasu a can a 2005. Bai yi suna da zane ba, ballantana rubutu. Aikin da ya bari, wanda ya cancanci sharhi kamar yadda ake yi wa littafi ko wasan kwaikwayo, shi ne wannan shawara tasa ta ajiye manyan zane-zane a wurin da ake cin abinci. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna shawarar: me ta ƙara wa zanen, me ta rage masa, kuma wa ya amfana da ita. Tambayar ta shafi duk malami da duk ƙungiyar al'adu da aka taɓa damƙa wa wani abu mai daraja aka ce ta nema masa wurin zama.

Uwa da ɗa

Ba za a fahimci Gustav ba sai an fara da mahaifiyarsa, Hulda Zumsteg, wadda aka haifa a 1890 cikin gidan marasa hali, ta kuma fara rayuwar aiki tana hidima a gidajen mutane da wuraren cin abinci. A 1924 ita da mijinta Gottlieb suka karɓi wani tsohon masauki da ya fara lalacewa, wanda aka fi sani a da da sunan Hôtel de la Couronne, suka gyara shi suka buɗe Kronenhalle. Abincin gidan na ƴan gari ne, ba shi da wani ƙaƙale: yankakken naman maraƙi cikin miyar kirim da soyayyen gurzajjen dankalin da suke kira rösti. Abin da ya bambanta gidan da sauran shi ne halin matar. Har ta tsufa tana zagaya teburori tana gaisawa da baƙi ɗaya bayan ɗaya, ana kuma ba da labarin yadda takan ciyar da marubuta da masu zane da aljihunsu ya bushe ba tare da ta matsa musu da zancen kuɗi ba.

Shekarun da gidan ya kafu a cikinsu sun taimaka. Bayan Hitler ya hau mulki a Jamus a 1933, Zurik ta zama mafakar ƴan wasan kwaikwayo da marubuta masu gudun hijira, kuma babban gidan wasan kwaikwayon birnin, Schauspielhaus, yana kan titi guda da Kronenhalle. Marubucin nan ɗan ƙasar Ayilan, James Joyce, yana cikin masu zuwa; a can ya ci abincin dare ƴan kwanaki kafin rasuwarsa a watan Janairun 1941. Daga baya Max Frisch da Friedrich Dürrenmatt, manyan marubutan Suwis guda biyu na ƙarni na 20, suka mai da wurin tamkar zaurensu. Ke nan kafin a cika bangon da zane, uwa ta riga ta cika kujerun da mutanen da za su iya kallonsa. Masu ba da tarihin gidan sukan gaggauta wuce wannan gaɓa don su isa ga sunan Picasso, alhali ita ce ginshiƙin komai. Zanen Hulda da mai zane Varlin ya yi, wanda ke rataye a babban falon, ya fi su adalci.

Idon ɗan kasuwar alharini

Gustav bai fara da sana'ar gidansu ba. A 1931, yana ɗan shekara 16, ya shiga kamfanin Abraham mai cinikin alharini a matsayin mai koyon aiki. Kamfanin ya tura shi Pari a tsakiyar shekarun 1930, ya zama mai hannun jari a cikinsa a 1943, ya mallake shi baki ɗaya a 1968. Yadda kamfanin ke aiki yana da muhimmanci ga batunmu. Abraham ba shi da masaƙa tasa. Aikinsa shi ne ya ƙirƙiro adon yadi da launinsa, ya ba masaƙu da marina na Suwis da Faransa da Italiya su aiwatar, sa'an nan ya kai wa manyan maɗinkan Pari. Jarinsa na gaskiya ido ne: sanin wane ja ne zai zauna kusa da wane shuɗi, kuma wane fure ne zai yi kyau idan yadin ya naɗe a jikin mace tana tafiya.

Da wannan ido ya yi aiki da Cristóbal Balenciaga, wanda kamfanin ya ƙirƙiro wa wani yadi mai tauri da ake kira gazar a 1958, ya yi aiki da gidajen Dior da Givenchy, ya kuma ƙulla abota ta shekaru masu yawa da Yves Saint Laurent. A Pari ɗin ne kuma ya saba da dillalin zane Aimé Maeght, ta hanyarsa ya shiga da'irar Braque da Miró da Chagall da Giacometti. Ya riƙa sayen zanensu, wasu kuma suka ba shi kyauta. Ana cewa da ɗakunansa da ke saman gidan abincin suka cika, sai zanen suka fara saukowa ƙasa. Bayan rasuwar Gottlieb a 1957 ya shiga tafiyar da gidan tare da mahaifiyarsa, a 1965 kuma ya sa mai tsara gini Robert Haussmann ya ƙera masa mashaya, wadda fitilunta aikin Diego Giacometti ne.

Wannan tarihi ya bayyana yadda aka jera zanen. A gidan adana kayan fasaha ana jera su bisa shekara, ko ƙasa, ko mazhabar masu zane, domin a koyar da tarihi. Zumsteg ya jera nasa yadda mai shagon yadi ke jera turame: wannan launi ya ɗaga wancan, duhun katakon bango ya fito da hasken furannin Chagall. A sama da su kuma ga tambarin tsofaffin ƙungiyoyin sana'a na Zurik da aka zana a bangon falon. Mai neman darasin tarihi ba zai same shi a nan ba. Abin da zai samu shi ne darasin haɗa launi, daga hannun mutumin da ya yi fiye da rabin ƙarni yana cin abinci da wannan ilimi.

Abin da teburi ke yi wa zane

A 1923, shekara guda kafin buɗe Kronenhalle, marubucin Faransa Paul Valéry ya wallafa wata gajerar maƙala a kan matsalar gidajen adana kayan fasaha. Kukansa shi ne cewa tun daga ƙofa ake karɓe wa mutum sandarsa a hana shi shan taba, sa'an nan a jefa shi cikin ɗakuna masu sanyi inda ɗaruruwan zane ke gasar jan hankalinsa lokaci guda, har ya fito da ciwon kai bai ga ko ɗaya da kyau ba. Duk wanda ya taɓa raka ɗalibai irin wannan wuri ya san gaskiyar maganar: ana tsayawa ƴan daƙiƙoƙi gaban kowane zane, a karanta sunan da ke ƙasa, a wuce.

Teburin abinci yana warware wannan matsala ta hanya mai sauƙi, wato lokaci. Mai cin abinci yakan zauna sa'a ɗaya ko biyu a wuri guda, zane ɗaya ko biyu ne ke gabansa. Yakan dube shi, ya koma hira, ya sake dubawa, ya ga abin da bai gani da farko ba. Idan mai yawan zuwa ne, zanen yakan zama masa kamar fuskar maƙwabci, ya san shi da rana ya san shi da dare. Zane irin na Bonnard, wanda galibi tebura da ƴaƴan itace da tagogi yake nunawa, an yi shi ne don ɗakin da mutane ke zaune, kuma a irin wannan ɗaki ya fi yin magana. A nan Zumsteg ya yi daidai, kuma ba shi kaɗai ya ga haka ba: a kudancin Faransa, a garin Saint-Paul-de-Vence, Paul Roux ya yi irin wannan a masaukinsa na Colombe d'Or, a garin da Maeght ya buɗe gidauniyarsa a 1964.

Akwai fa'ida ta biyu. Suwis ita ce ƙasar da ke da shahararriyar ma'ajiyar nan ta Janeba, inda attajiran duniya ke kulle zane-zane cikin akwatuna ba tare da biyan kuɗin kwastan ba, suna jiran farashi ya tashi. Zanen da ke can ba mai ganinsa, har mai shi. Ya zama kamar zinariyar da aka binne. Idan aka kwatanta da wannan, mutumin da ya rataye dukiyarsa inda miya za ta iya fantsama a kanta ya nuna cewa ya ɗauki zane abin kallo ne kafin ya zama abin ajiya.

Inda gizo ke saƙar

Sai dai yabon ba ya tafiya shi kaɗai. Aibi na farko shi ne ƙofa. Kronenhalle yana cikin gidajen abinci masu tsada a birnin da shi kansa yana cikin mafi tsadar rayuwa a duniya. Kuɗin faranti ɗaya ya ninka kuɗin tikitin gidan adana kayan fasaha, wanda ke rage wa ɗalibai farashi, yake kuma karɓar yaran makaranta aji guda. Masanin zamantakewa Pierre Bourdieu, a binciken da ya wallafa tare da Alain Darbel a 1966, ya nuna cewa ko gidan da ƙofarsa ke buɗe ga kowa, masu zurfin karatu ne suka fi shigarsa, domin wanda bai saba ba yakan ji wurin ba nasa ba ne. To ina ga wurin da, bayan wannan shinge na zuci, aka ƙara na aljihu da na tufafi? An fitar da zanen daga ɗakin mutum ɗaya, amma an tsayar da shi a ɗakin masu hali. Talakan mai zanen da Hulda ta ciyar a shekarun 1930, da wuya irinsa ya iya biyan kuɗin zama a ƙarƙashin zanen a yau.

Aibi na biyu ya shafi zanen kansa. Abin da aka rataye a saman teburi yana iya komawa ado kawai, kamar labule ko fitila. Da yawa daga cikin baƙi sunan suke ci, su koma gida su ce sun yi kalaci a ƙarƙashin Picasso, ba su san abin da ke cikin zanen ba. Wurin kuma yana tace abin da zai iya ɗauka. Ba wanda zai rataya zanen Guernica, mai nuna kisan da jiragen sama suka yi a wani garin Ispaniya a 1937, a gaban mai yanka nama. Bangon gidan abinci yana son furanni da launi mai sanyaya rai. Fasahar ƙarni na 20 kuwa rabinta kururuwa ce, kuma wannan rabin ba shi da kujera a nan. Wanda ya san Picasso daga irin wannan bango kaɗai ya san shi ne a ranar da yake cikin fara'a.

Na uku, ɗanɗanon Zumsteg na mai bin sahun da aka riga aka share ne. Lokacin da ya shiga da'irarsu, Braque da Matisse da Chagall sun riga sun yi suna. Ya zaɓa da kyau, amma bai yi irin kasadar dillalan farko da suka sayi zanen waɗannan mutane lokacin da ake yi musu dariya ba. A fagen yadi shi mai ƙirƙira ne. A fagen zane aboki ne mai karamci da ido mai kyau, kuma ya kamata a ajiye shi a wannan matsayi ba tare da ƙari ba.

Na huɗu shi ne lafiyar zanen. Sai a watan Mayun 2010 dokar hana shan taba a gidajen abinci ta fara aiki a ƙasar, wato zanen sun yi shekaru da dama cikin hayaƙi da tururi. Batun ɓarayi ma yana nan, ko da yake gidan adanawa bai tsira daga gare su ba: a watan Fabrairun 2008, a cikin Zurik ɗin nan, ƴan fashi da bindiga suka kwashe zane huɗu na Cézanne da Degas da Monet da Van Gogh daga gidan da ke ajiye tarin Bührle, ba a kammala gano su ba sai a 2012.

Tushen dukiya

Sunan Bührle ya kawo mu ga tambayar da ba a iya kauce mata a Zurik: da wane kuɗi aka saya, kuma daga hannun wa? Emil Bührle, wanda ya rasu a 1956, ya tara dukiyarsa ne da ƙera makamai a masana'antar Oerlikon, ya kuma sayar wa Jamus ta Hitler bindigogi a lokacin yaƙin duniya na biyu. Bayan yaƙin an gano cewa zane 13 da ke hannunsa an ƙwace su ne daga Yahudawa. Ya mayar da su, ya sake sayen 9 daga cikinsu. Da aka baje tarinsa a sabon ginin Kunsthaus a 2021, gardama ta tashi a ƙasar, har a 2024 aka sauke zane biyar daga bango, wani rahoto na masanin tarihi Raphael Gross kuma ya nuna cewa binciken asalin zanen da aka yi a baya bai wadatar ba.

Daga Kunsthaus zuwa Kronenhalle tafiyar ƴan mintoci ce a ƙafa, amma tsakanin tarin biyu akwai tazara. Ɗaya kuɗin harsashi ne ya saye shi, ɗaya kuɗin alharini da na faranti. Kaso mai yawa na zanen Zumsteg ya fito ne daga masu zane da ke raye, waɗanda ya sani, suka zauna a teburinsa, ko daga dillalinsu. Idan hanyar da zane ya bi daga hannun mai shi zuwa bango gajera ce, wurin ɓoye zalunci a cikinta kaɗan ne. Wannan bai ɗauke wa kowane tari nauyin a binciki kowane zane da ke cikinsa ba, sai dai ya nuna cewa tara kayan fasaha ba ya wanke dukiya, halin dukiyar ne ke bin kayan har bango.

Wasiyya da abin da ta daskarar

Duniyar da ta haifi Zumsteg ta riga shi tafiya. Balenciaga ya rufe gidansa a 1968. Tufafin da ake ɗinkawa da yawa a masana'anta suka ci kasuwar ɗinkin hannu. A 2002 Saint Laurent ya yi ban kwana da sana'ar, a cikin shekarar kuma kamfanin Abraham ya karye. Littattafan samfurin yadinsa sun koma gidan tarihi na ƙasa da ke Zurik, wanda ya baje su a wani nuni mai suna Soie pirate a 2010. Abin lura ne cewa yadin, wanda aka yi don a sa a jiki a yi yawo, shi ne ya ƙare cikin akwatin gilashi, zanen kuma suka zauna cikin mutane.

Sun zauna ne saboda tanadin da ya yi. Hulda ta rasu a 1984, a shekarar da ta biyo baya ya kafa gidauniya da sunansa da nata, wadda ta gaji gidan abincin bisa sharaɗin zanen su ci gaba da zama a bangonsa. Da ba don haka ba, da kasuwa ta watsa su, kamar yadda aka yi gwanjon wasu daga cikin na ɗakinsa a 2006. Amma tanadin yana da nasa farashi. A zamanin uwa da ɗa bangon yana sauyawa, sabon aboki ya zo da sabon zane. Yanzu jeren ya tsaya inda mamaci ya bar shi. Gidan da ya yi suna don ya bambanta da gidan tarihi ya zama gidan tarihin kansa, wanda ake cin abinci a ciki. Wasiyya tana iya tsare bango da abin da ke kansa, amma ba ta iya haifar da wata Hulda da za ta gane yaro mai basira a bakin ƙofa ta ce a zuba masa abinci.

Kammalawa

Ra'ayin ajiye abu mai kyau a inda ake rayuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Jeren ƙore da tasoshi a ɗakin amarya, da adon bangon gidajen Birni a Damagaram, duk an yi su ne don idon mai shiga da fita. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, ya zaunar da maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a cikin harabarsa. Saboda haka ƙungiyar da ke tunanin inda za ta ajiye tsohuwar riga, ko rubutun ajami, ko zanen wani matashi, tana iya ɗaukar ma'auni huɗu daga wannan labari na Zurik: a ajiye abu inda mutane ke daɗewa zaune, a duba wanda ƙofar ke hanawa shiga, a rubuta daga hannun wa kowane abu ya fito, a kuma tanadi takardar da za ta tsare shi bayan mai shi ya kau, tare da barin gurbi ga sabon aiki.

Bisa waɗannan ma'aunai, Gustav Zumsteg ya ci na farko cikakke, ya tsaya da kyau a na uku, ya ci rabin na huɗu, ya faɗi a na biyu. Ya tabbatar da cewa babban zane ba ya raguwa don an ci abinci a gabansa, kuma wannan hujja ce da manyan gidajen adanawa ba su iya bayarwa ba. Abin da bai warware ba shi ne yadda ɗan makaranta da mai wankin faranti za su sami kujera a wannan teburi, alhali daga cikin masu hidima mahaifiyarsa ta fito.